Wane wasan gina sansani a wata duniya zan fara da shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son shiga wasannin nan da mutum ke sauka a wata duniya, ya haƙo ma'adinai, ya kafa sansani, ya kare shi. Kwamfutata laftof ce mai RAM 8GB, ba ta da katin girafik na daban. Sunaye huɗu nake ta gani: Factorio, RimWorld, Oxygen Not Included da Satisfactory. Da wanne zan fara, kuma me ya fi rusa sansanin sabon shiga?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ajiye Satisfactory tukuna, 3D ne, sai da katin girafik mai ƙarfi. Sauran ukun za su tafi a kwamfutarka, sai dai idan sansani ya girma sosai za su fara nauyi. Zaɓi ya danganta da abin da ka fi so: injina da lissafi, Factorio, mutane da rigimarsu, RimWorld, iska, ruwa da zafi, Oxygen Not Included. Factorio yana da sigar gwaji kyauta, sauke ta ka ga yadda na'urarka za ta ɗauka.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, Factorio nake ba ka shawara, don kowace matsala a fili take, kana ganinta a kan bel, wato shimfiɗa mai motsi da ke kai kaya daga inji zuwa inji. Riƙe waɗannan: tukunyar tururi 1 tana ciyar da injin tururi 2, kowane inji yana ba da kilowat 900. Bel mai ruwan ɗorawa yana ɗaukar kaya 15 a daƙiƙa, kuma murhun dutse yana narka ƙarfe ɗaya a daƙiƙa 3.2, saboda haka murhu 48 ne ke cika bel guda. Wajen haɗa koren sakit, wato allon lantarki da ake ƙera injina da shi, injin wayar tagulla 3 ga injin sakit 2.

Abin da ke kashe sababbi shi ne wuta. Idan ka jibga injina fiye da ƙarfin lantarkinka, na'urorin haƙar kwal za su rage gudu, hannayen inji masu aiki da lantarki da ke zuba kwal a tukunya ma haka. Kwal ya ragu, wuta ta ƙara raguwa, har komai ya tsaya cak. Maganinsa, sa hannaye masu cin kwal da kansu a bakin tukunyoyi, kuma ka tsara kwal ya fara isa tashar wuta kafin ya wuce ko'ina. Sannan ka bar fili tsakanin layuka, ninki biyu na abin da kake zato.

Amsa ta uku: Kada Oxygen Not Included ya yaudare ka da zanensa mai kama da na yara, shi ya fi wuya a cikinsu. Kowane ma'aikaci yana shaƙar giram 100 na oksijin a daƙiƙa, yana cin kilokalori 1000 a rana. Da Mealwood, shukar abinci ta farkon wasan, kake ciyarwa? To shuka 5 ga mutum ɗaya. Wasan zai riƙa miƙo maka sabon ma'aikaci, ba dole ne ka karɓa ba. Tsaya a 6 zuwa 8 har abinci da iska su daidaita. Iskar kabon ƙasa take sauka, don haka haƙa rami a can ƙasan sansani ta taru. Zafi kuwa a hankali yake zuwa: Electrolyzer, injin da ke samar da oksijin daga ruwa, yana fitar da iska mai digiri 70 ko fiye, Mealwood kuma yana daina girma da zarar ya wuce digiri 30. Nisanta gona da janareto, ka kewaye ta da bango mai hana zafi.

Amsa ta huɗu: Ni ina ganin RimWorld ya fi sauƙin shiga. Zaɓi Phoebe a matsayin mai tsara labari, wato tsarin wasan da ke aiko da hari da sauran al'amura, tana ba da tazara tsakanin hare-hare. Shuka shinkafa da farko don ta fi saurin nuna, ka gina ɗakin sanyi ƙasa da digiri 0, kuma ka sauya bangon katako da na dutse saboda gobara. Girman harin da za a kawo maka yana bin yawan dukiyarka da mutanenka, kada ka tara kaya alhali ba ka da tsaro.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan gwada Factorio. Ƙwarin nan na cikin wasan masu kawo wa sansani hari fa?

Amsa ta biyu: Hayaƙin masana'antarka ne ke jawo su. Buɗe taswira ka kunna jan launin gurɓata. Duk sheƙar da jan ya taɓa, daga nan hari zai fito. Fara a wuri mai bishiyoyi don suna shanye hayaƙin, hamada kuwa ba ta shan komai sosai. Kafa bindigogin tsaro 4 zuwa 6 a ɓangaren da suke shigowa, kuma ka sa inji ya riƙa ƙera harsashi tun da wuri. Idan koyon injinan kake so tukuna, kunna yanayin zaman lafiya lokacin ƙirƙirar taswira, ba za su taɓa ka ba sai ka tsokane su.