Ina ake samun sikelin auna nauyi a Jidda ba sai an ga likita ba?

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum jama'a. Likita ya ce in riƙa auna nauyina duk mako saboda ciwon suga, in rubuta in kai masa, kuma ba ni da sikeli a ɗaki. A Kano mutum yakan ga yaro da sikeli a bakin kasuwa, ya ba shi 'yan canji ya hau. Nan babu irin wannan. Ina ake samu a cikin gari? Sannan akwai gwaggona, tana da ciwon zuciya, ƙafafunta na kumbura, ita ma an ce a lura da nauyinta. Ba za ta yarda ta hau komai a gaban maza ba.

Abu Mus'ab:
Wa alaikumus salam. Fara da manyan saidaliyya, wato kantunan magani. Wasu suna ajiye sikeli a gefe kusa da wurin awon hawan jini, wasu kuma ba su da shi sai na sayarwa a kwali, don haka tambaya za ka yi. Ka ce wa mai kantin "fi mizan?", wato "akwai sikeli?" da Larabci, zai nuna maka. Ba kowane reshe ba ne, ko da sunan kantin ɗaya ne.

Maman Hanifa:
Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ku lafiya kai da Hajiya gwaggonka. Sikelin da ya fi dacewa da kai shi ne na mustausaf ɗin, wato ƙaramin asibitin da kake ganin likita, wanda ke ɗakin nas inda ake auna zafin jiki da hawan jini kafin a shiga. Da shi aka rubuta nauyinka na farko a fayil, da shi kuma likita zai kwatanta. Ka je lokacin da babu layi ka roƙi nas da ladabi, awon bai kai minti ɗaya ba. Wasu wuraren za su ce sai ka buɗe fayil, wasu za su bar ka.

Amma abin da mutane suka fi kuskurewa ba wurin ba ne, yadda ake awon ne. Nauyin babban mutum yana iya hawa da sauka da kilo 1 zuwa 2 a yini guda, ba tare da kitse ya ƙaru ko ya ragu ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya yi aiki a rana a zafin Jidda ya zubar da gumi zai ga ya "rame" da la'asar, wanda ya ci kabsa ya bi da ruwa da shayi zai ga ya "yi ƙiba" da isha'i. Duk ruwa ne da abinci. To ka tsayar da rana ɗaya a mako, da safe, bayan ka kewaya, kafin ka ci ko ka sha. Cire takalmi, fitar da waya, makullai da walat daga aljihu, ka sa irin kayan da ka sa wancan makon. Jallabiya da abin da ke cikin aljihunta kaɗai sun isa su ƙara maka rabin kilo ko fiye. Tsaya a tsakiya, ƙafa biyu daidai, kar ka dafa bango, kar ka sunkuya kana leƙen lamba, bari wani ya karanta maka.

Batun Hajiya daban ne, kuma ya fi naka gaggawa. Mai ciwon zuciya da ke kumbura ba duk mako ake auna shi ba, kullum ne da safe, domin ruwan da ke taruwa a jiki yakan bayyana a sikeli kafin ido ya gan shi. Idan ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ko numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta wurin likita, kar a jira ranar da aka ba ta. Wannan ba abin da za a yi ta zuwa saidaliyya a kansa ba ne. A saya mata nata a gida, ana samun mai kyau ƙasa da riyal 100, maganar maza ma ta kau. In kuwa ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, manyan asibitoci suna da sikeli mai kujera da wanda ake tura keken marasa lafiya a kai, sai a nemi nas mace.

Mai Kago:
Ku da kuke aika kaya gida kullum, kun manta da sikelin ofishin kago? Wanda ake ɗora jaka da katon a kai, mai faffaɗan faranti na ƙarfe, yawanci yana ɗaukar kilo 300, mutum zai hau lafiya lau. Abu uku za ka duba. Na ɗaya, lambar ta koma sifili kafin ka hau, don sau da yawa an danna maɓallin cire nauyin kwali ko amalanke an manta, sai ya rage maka kilo biyu uku kana murna. Na biyu, dubi yadda lambar take tafiya. In tana hawa da giram 50 ko 100, ya yi. Babban na ƙasa da ake ɗora tan ɗaya ko biyu yakan yi tsalle da rabin kilo, bai dace da mai bin nauyi mako-mako ba. Na uku, nemi sitikar Taqyees a jikinsa, shirin SASO ne, hukumar kula da ingancin kaya da ma'aunai ta Saudiyya, da ke tantance ma'aunan ciniki da famfunan gidan mai. Sikelin gida ba wanda yake bi yana tantance shi, na ciniki kuwa ana bi.

Kar dai a je lokacin da alhazai ke haɗa kayan komawa, ba wanda zai saurare ka. Kuma don Allah kar wani ya ce zai hau bel ɗin awon kaya a filin jirgi.

Koci Bash:
Wuraren motsa jiki ma suna da shi, irin su Fitness Time, sai dai na 'yan rajista ne. Galibi za ka tarar da injin nan da ake hawa ba takalmi ba safa a riƙe hannaye biyu, ya fitar da takarda mai kitse da tsoka. Kilon da ya nuna abin yarda ne. Lissafin kitsen kuwa hasashe ne, wata 'yar wutar lantarki ce mara ƙarfi yake turawa ta jiki, kuma yawan ruwan jikinka a lokacin yana canja amsar, shi ya sa mai azumi ko wanda ya gama gumi yake samun lamba ta daban. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kar ya hau shi sam. A tambayi Hajiya ko tana da ita kafin a saya mata sikelin gida mai faranti na ƙarfe a wurin taka ƙafa, don aikinsu ɗaya.

In injin ya ba ka BMI, wato lambar da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa, ga yadda ake samo shi: raba kilonka da tsawonka a mita sau kansa. Mai kilo 82 da tsawo 1.70, wato 82 a raba da 2.89, ya fito 28.4. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce.

Ɗan Karantina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan saya wa gwaggo nata. Sai dai falonta da ɗakinta duk kafet ne bango zuwa bango. Zai yi aiki a kai? Kuma ta yaya zan san wanda na saya ba ya ƙarya?

Injiniya Sabil:
Ba zai yi daidai a kan kafet ba. Sikeli mai lamba yana da ƙananan ma'aunai huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa. In ƙafafun suka nutse, kafet yana tokare cikinsa ya ɗauke wani ɓangare na nauyin, lambar sai ta riƙa yawo. A kai shi kan tayil, a koridor ko bakin kicin, inda ƙafa huɗun suka zauna daram ba ɗaya a kan layin tsakanin tayil biyu. In babu tayil ko kaɗan, a sa katako mai kauri wanda ba ya lanƙwasa a ƙarƙashinsa, a bar shi a wuri ɗaya.

Duk lokacin da aka ɗaga shi aka ajiye, a taka sau ɗaya, a sauka, a jira ya nuna 0.0 ya mutu, sannan a hau na gaskiya. Awon farko bayan an motsa shi shi ne yake yawan kuskure. A duba ƙaramin maɓallin da ke ƙasansa yana kan kg, don in ya koma lb, wato awon fam, mai kilo 70 zai ga 154 hankalinsa ya tashi. In ya nuna Lo, batir ne, yawanci CR2032 mai kama da kwabo ko AAA, kuma batir mai rauni yana sa lambar rawa tun kafin ya mutu.

Gwajin kuwa ba wuya. Hau ka rubuta, sauka, ɗauki jarkar zamzam mai lita 5 cikakkiya ka sake hawa. Ya kamata ya ƙaru da kilo 5 da ɗan abin da robar ta ɗauka. Maimaita sau uku, in amsoshin sun bambanta da fiye da giram 300, mayar da shi tun rasit na hannunka. Wannan yana nuna ko yana bin canji daidai ne kawai. Don sanin tazararsa da na asibiti, auna Hajiya a gida daf da fita ranar ganin likita, da abayar da za ta tafi da ita, ka rubuta lambobin biyu a shafin farko na littafin ka nuna wa likitan.