Shawarwari kan gangar jikin ƙaramin jirgi mai farfela huɗu da ake naɗewa

Malamin Fasaha: Assalamu alaikum. Ɗalibaina na babbar sakandare sun zaɓi ƙera ƙaramin jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu a matsayin aikin wannan zango, kuma sun nace sai wanda hannayensa za su naɗe ya shige jakar makaranta. Injuna da batir saye za mu yi, amma gangar jikin su ne za su zana, su haɗa da hannunsu, muna kuma da firintar 3D a makaranta. Ina neman shawararku kan girma da kayan da suka dace.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kada yaran su fara da zanen gangar jiki, su fara da farfela, domin ita ce ke yanke girman komai. Ana auna irin wannan jirgi ne daga tsakiyar inji zuwa tsakiyar wanda ke kusurwar da ke fuskantarsa. Idan suka ɗauki farfela mai inci 3, wato kusan milimita 76, suka sa wancan tsawon ya zama milimita 150, to tsakanin injuna biyu maƙwabta zai kai kusan milimita 106, ratar da za ta rage tsakanin bakin farfela da farfela kuma kusan milimita 30. Ka bar su su yi lissafin nan da kansu, darasin Pythagoras ne da suka riga suka yi a aji.

Sai dai abin da zai ci muku lokaci shi ne gaɓar da hannu ke naɗewa. Na'urar da ke daidaita jirgi a sama tana jin ƙaramar girgiza, saboda haka idan hannu ɗaya ya yi lako-lako ko da kaɗan ne, za ta ɗauka jirgin ne ke karkata, ta yi ta ƙara wa injuna wuta tana ragewa har su yi zafi. Hannun da aka buɗe dole ya kulle, ya tsaya ƙyam kamar an zuba shi tare da jikin.

Malamar Fiziks: Na goyi bayan Injiniya. Abin da na ga ya yi wa ɗalibai sauƙi shi ne a matse kowane hannu tsakanin faranti biyu, na sama da na ƙasa, a sa ƙusa mai zare M3 ɗaya, wato mai kaurin milimita 3, ta zama wurin juyawa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, sannan a huda rami na biyu da za a zura wata ƙusa idan an buɗe hannun. Tun kafin a kunna firinta, su yanka siffar a kwali su jujjuya ta a kan tebur, nan za su gane cewa hannun gaba yana karo da na baya idan an naɗe su a layi ɗaya. Jirgin Mavic Pro mai naɗewa da kamfanin DJI ya fitar a 2016 ya kauce wa wannan, hannayen gaba suna kwanciya a gefen jiki, na baya suna juyawa ta ƙasa. Don zane kuwa, manhajar kwamfuta ta Tinkercad ta ishe masu farawa, waɗanda hannunsu ya faɗa su koma manhajar FreeCAD.

Tsohon Ɗalibi: Malamaina, ina neman izinin sa baki. Ba zai fi kyau a yanka hannayen daga kabon faiba ba, wato farantin zaren kabon da aka daskarar, tunda shi ake amfani da shi a jiragen tsere?

Injiniya: Ƙanena, ƙarfinsa da rashin nauyinsa ba abin musu ba ne, amma ban so shi a hannun 'yan makaranta ba. Ƙurarsa tana cutar da huhu idan ana yanka shi, yana ɗaukar wutar lantarki ta yadda waya guda da ta sale za ta iya ƙona komai, yana kuma tare siginar rediyo. A cikin robobin da firintar 3D ke bugawa da su, PETG nake ba da shawara. PLA, wani nau'in robar, ya fi sauƙin bugawa, sai dai yana tsagewa idan ya bugu da ƙasa, yana kuma fara laushi a wajen digiri 60, zafin da gindin inji zai iya kaiwa.

Malamar Fiziks: A nan na ɗan saɓa da kai, Injiniya. PLA ya fi PETG tauri, taurin kuwa shi muke nema a hannu, don haka su yi gwajin farko da shi, in siffar ta zauna sai a duba batun zafi. Ko wanne aka zaɓa, a buga hannun a kwance, domin wanda aka buga a tsaye yana rabuwa ne ta tsakanin shimfiɗun robar. Wayoyin inji kuma a bar musu ɗan sassauci a daidai gaɓar, in ba haka ba naɗewa da buɗewa za su tsinka su daga ciki ba tare da an gani ba.

Malamin Fasaha: Allah ya saka muku da alheri. Batun nauyi fa, akwai iyakar da zan kafa musu?

Injiniya: Ka kafa musu ƙasa da giram 250 har da batir, domin a nan ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, suka ja layin rajistar jiragen nishaɗi, amma ka duba dokar hukumar jiragen sama ta inda kuke. Ƙarfin ɗagawar injunan huɗu ya ninka nauyin jirgin aƙalla sau biyu. Su ajiye sikeli kusa, su auna kowace ƙusa, tunda jirgi mai naɗewa ya fi ɗan'uwansa yawan ƙarfe. Idan sun gama haɗawa su ɗora tsakiyarsa a kan yatsu biyu, su yi ta matsar da batir har ya daina rinjaya. Duk gwajin da za a yi a kan tebur, a cire farfela tukuna.

Malamin Fasaha: Na rubuta duka. Za su fara da kwali a darasi mai zuwa, kowane rukuni da irin makullin hannunsa, zan turo hotunan gaɓoɓin ku duba mana kafin mu buga.