Wane suna za mu raɗa wa "mainframe" da Hausa?

1. Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya, ita ce mainframe, wato irin kwamfutar da manyan bankuna da hukumomi da dama ke ɗora lissafinsu a kanta. Ina koya wa matasa kwamfuta a Birnin Kebbi, yawancin bayanin da Hausa nake yi, amma duk ranar da muka iso kan wannan na'ura sai harshe ya sarƙe. Ina da sunan da nake so mu duba tare. Bari dai in fara da abin da ya tayar da zancen.

2. Kawuna ɗan kasuwar albasa ne, daga Aliero yake ɗauko ta ya kai Jega. Kafin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuɗin da hannunsa bai ƙirga ba bai ɗauke su kuɗi ba. Rannan na iske shi zaune kan buhu, mai saye ya ce ya tura, 'yan dako sun yi cirko-cirko suna jiran a ce su fara lodi, direba na ta matsa hon. Shi ko Kawu ya ƙura wa 'yar wayarsa mai tocila ido, ya ce babu buhun da zai motsa sai alat ya shigo. Da wayar ta yi ƙara ya ɗaga hannu aka fara lodi, sannan ya juyo ya ce da ni: "Kai ɗana, ku da kun ka yi boko, wai kuɗɗin ga ina su ka kwana?"

3. Na ce masa, Kawu, ba cikin waya suke kwana ba. Waya 'yar aike ce kawai. Littafin da aka rubuta cewa wane na da kaza yana can cikin kwamfutocin banki, kuma in kuɗi za su tsallaka daga wani banki zuwa wani a Najeriya, galibi ta hannun NIBSS suke bi, wato cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar wajen biyan kuɗi, wadda ta fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Ya ce to wace irin kwamfuta ce ke riƙe littafin mutane miliyoyi ba ta ruɗe ba? A nan bakina ya tsaya, don ba ni da sunanta a harshen da yake ji.

4. Gaskiya ba kowane banki ke da mainframe ba, da yawa tarin ƙananan na'urori suke haɗawa su yi aikin. Amma manyan bankunan duniya da dama, da kamfanonin katin kuɗi, da na inshora, da na jiragen sama, da hukumomin gwamnati, a kanta suka ɗora lissafinsu shekaru aru-aru. Tun 1951 hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta karɓi UNIVAC I, ɗaya daga cikin na farkon irin wannan na'ura. Ranar 7 ga Afrilu 1964 kamfanin IBM ya bayyana System/360, wadda ita ce kakar waɗanda yake ƙerawa yau. A shekarun 1960 ɗin ne kuma kamfanin jiragen sama na American Airlines ya fara sayar da kujerun jirgi ta tsarin SABRE, don kada a sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Sunan Turancin daga manyan akwatunan ƙarfe ya samo asali, waɗanda ake girke ƙwaƙwalwar na'urar a cikinsu lokacin da kwamfuta ɗaya ke cinye ɗaki guda.

5. A 1991 wani marubucin mujallar InfoWorld, Stewart Alsop, ya yi hasashen cewa ranar 15 ga Maris 1996 za a zare wa mainframe ta ƙarshe wuta. Ba haka ta kasance ba. IBM ya fito da sabuwa mai suna z16 a 2022, ya biyo da z17 a 2025. Kuma wayar hannu da aka zaci za ta binne ta, ita ta ƙara mata kaya. A da mutum sai ya wanke ƙafa ya je banki, sau ɗaya a mako ko a wata, ƙarfe huɗu a rufe ƙofa. Yanzu Kawu kaɗai yana duba ragowar kuɗinsa sau nawa kafin azahar? Ga mai POS a bakin tasha, ga mai sayen kati da tsakar dare, ga 'yar makaranta da ke biyan kuɗin rajista daga ƙauye. Kowace dannawa tambaya ce da ake aika wa littafin nan, kuma dole ya amsa cikin ƙiftawar ido, dare da rana.

6. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ƙa'idar aikinta: in an cire daga asusun wane, dole a saka a na wane, ko duka biyun su tabbata ko a fasa gaba ɗaya. Wanda aka taɓa cire masa kuɗi ba su isa ba ya san zafin abin. Ni ma ya faru da ni, kwana tara ina zirga-zirga kafin su dawo, alhali na riga na biya mai shago da wasu kuɗin. Sau da yawa a hanya matsalar take, tsakanin waya da layin sadarwa da bankuna biyu. Ita na'urar an gina ta ne don kada littafi ya karkace. Kusan kowane sashe nata yana da na ko-ta-kwana, har ana iya canza wanda ya lalace tana cikin aiki ba a kashe ta ba.

7. Yanzu sunayen da aka kawo mini. Na farko "babbar kwamfuta". Shi kowa ke fara faɗa, ni kuma ban gamsu ba. Girman jiki ba shi ne maganar ba, ta zamanin nan ba ta wuce dogon firij ba, ko 'yan firij a jere. Ɗalibina ma ya taɓa ce da ni ai ta tebur ita ce babba, ta cinya ƙarama. Ka ga sunan ya riga ya sami mai shi a bakin mutane.

8. "Giwar kwamfuta". Yana da daɗin faɗa, amma ina roƙon mu ajiye shi ga supercomputer, don a nan ne ɗalibai suka fi rikicewa. Waccan lissafi ɗaya mai nauyin gaske ake ba ta, kamar hasashen yanayi, ta tattara ƙarfinta duka a kai. Wannan tamu ƙananan ayyuka ne birjik, cire nan saka can, babu mai wuya a cikinsu, wuyar ita ce yawansu da kuma cewa ba a yarda ko ɗaya ya ɓata ba.

9. "Uwar garke" masu rubutun fasaha sun daɗe da ba server, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Kada mu ƙwace. "Rumbu" ma ya tafi ga ma'ajiyar bayanai, kuma rumbu ajiya yake yi, ba ya aiki.

10. Wani dattijo da ya yi aikin baitulmali ya ce a kira ta "ma'aji", ko "ajiya" kamar yadda sarautar take a wasu masarautu. Na daɗe ina juya wannan, don ya kama amana da riƙon littafi, abin da Kawu ke tambaya ke nan. Inda ya gaza shi ne ya ɗaure ta ga kuɗi. Kujerar jirgi fa? Sunayen 'yan fansho fa? A Afrilun 2020, da annobar korona ta sa mutane suka yi tururuwar neman tallafin rashin aiki a Amurka, sai da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta na 1959 da tsofaffin tsare-tsaren jihar ke gudana da shi. Aikinta ya fi na ma'aji faɗi.

11. Akwai masu cewa a ara kawai, a ce "menfirem", kamar yadda muka ari mota da rediyo. Ba na ƙin aro. Amma mota ana ganinta a titi, sunan ya manne da abin. Wannan kuwa, mutum zai ƙare rayuwarsa yana amfana da ita bai taɓa sa ta a ido ba. In sunan bai faɗi komai ba, babu abin da zai riƙe.

12. Shawarata: kwamfutar ginshiƙi. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro ko masallacin ƙasa ya san ginshiƙi. Azara na kansa, rufi na kan azara, jama'a na ƙasa suna harkarsu, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Ba ya zuwa ko'ina, ba ya hutu, kuma ba a cire shi da garaje, sai an tanadi abin da zai tallafi rufin. Haka bankunan da ke son barin wannan na'ura suke shafe shekaru suna lallaɓawa. Manhajar waya ita ce fenti da ado, ana sabunta ta kowane wata, nauyin kuwa yana kan ginshiƙi.

13. A lura da jerin kalmomin. "Ginshiƙin kwamfuta" wani abu ne daban, zai sa a zaci wani sashe ne a cikin na'ura. "Kwamfutar ginshiƙi" nake nufi, kamar yadda muke cewa motar haya ko jirgin ruwa. Jam'i, kwamfutocin ginshiƙi. Mace ce, "ta" za a ce mata. Na gwada a jimla: "Bankin ya sayo sabuwar kwamfutar ginshiƙi." "Manhajar ce ta tsaya, kwamfutar ginshiƙi lafiyarta lau." Bai yi wa harshena nauyi ba.

14. Na kira Kawu jiya da dare na gwada masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, na gane, ita ad ɗauke da kayan." Malaman Hausa, da 'yan uwa masu fassara labarai a gidajen rediyon Birnin Kebbi da Gusau, ku ne za ku faɗe shi a iska. Ku gwada shi a bakinku, in akwai inda ya yi tuntuɓe ku nuna mini wurin.