Abin da na tattara daga hirarmu kan DAO da masu neman jari

To jama'a, DAO dai ƙungiya ce kan blockchain, wato kundin ajiye bayanai na intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi tare, wadda ba ta da manaja, masu token, wato sulallan dijital na ƙungiyar, su ne ke jefa ƙuri'a kan yadda za a kashe kuɗin asusu, kusan kamar adashi amma lambar kwamfuta, wato manhajar da aka rubuta, ita ce uwar adashin. Kowa ya yarda tana sauƙaƙa wa ɗan kasuwa tara jari daga ko'ina ba sai ya je banki ba.

Amma shawarar da aka fi nanatawa, kar ka zuba kuɗi sai ƙwararru sun binciki lambar tukuna, don wata DAO mai suna The DAO a 2016 ta tara kusan dala miliyan 150, wani ya gano ɓaraka ya kwashe Ether miliyan 3.6, wato kuɗin dijital na blockchain ɗin Ethereum, rikicin ne ma ya raba Ethereum gida biyu. Wallahi wannan ya tsaya min a rai.

Sannan ka duba wa ke riƙe da token mafi yawa, in mutum uku ne to su ne masu kamfanin, sauranku 'yan kallo ne. Kuma a yi rajista, jihar Wyoming ta Amurka ta amince da DAO a matsayin kamfani tun 2021.