An ce ciwon daji ne a harshena, ko akwai wanda ya bi wannan hanyar kafin ni?

Abu Sadiƙ, Gwammaja:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shekarata 48, ɗinki nake yi, ina da mata da 'ya'ya biyar. Wata huɗu da suka wuce wani ɗan gyambo ya fito mini a gefen harshe, daidai inda wani karyayyen haƙori yake gogarsa, sai na ɗauka gugar haƙorin ce, na yi ta shafa maganin kemis ina kurkure baki da ruwan gishiri. Bai warke ba, sai ma wani ƙullutu mai tauri da ya fito mini a ƙarƙashin muƙamuƙi, ba ya ciwo amma kullum ƙara girma yake yi. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka yanki 'yar tsoka daga wurin aka kai gwaji, ranar Talatar da ta wuce likita ya zaunar da ni ya ce ciwon daji ne, kuma ciwon ya taɓa kaluluwar wuya. Ya ce za a yi hoto a ga iyakar inda ya kai, sannan akwai tiyata, bayanta gashi, wato gasa wurin da hasken na'ura, wataƙila a haɗa da kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya.

Likitan ya yi bayani da haƙuri, amma tun da kalmar daji ta fito daga bakinsa ban ƙara gane abin da yake faɗa ba. A gida kuma 'yan'uwa sun kasu biyu. Wasu na cewa kada in yarda a taɓa ni da ƙarfe domin daji ba ya son wuƙa ko allura, suna ta kawo mini sassaƙe da sunayen masu magani. Wasu kuwa in sun shigo gaishe ni sai su yi shiru su zuba mini ido, har in ji kamar sun zo ta'aziyyata ne tun ina da rai. Ina so in ji daga bakin wanda abin ya faru a jikinsa. Bayan an yanki harshe ana iya magana? Ana cin abinci? Zan iya karanta Fatiha yadda na saba? Mahaifiyata tana nan da rai, shekarunta sun ja, har yanzu ban sanar da ita ba.

Ɗan Kurna:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiƙ. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Na karanta saƙonka sau biyu, domin a shekarar 2022 ni ma a wannan kujerar na zauna. Nawa a ƙasan baki ya fito, ƙarƙashin harshe, aka yanke wurin tare da ɗan sashe na harshen, aka cire kaluluwar wuya ta ɓangaren hagu, sannan aka yi mini gashi sau 33. Yau ina rumfata a Kantin Kwari ina ciniki da bakina. Maganata ta canza, harafin ra da sin ba sa fita tas kamar da, kuma a watannin farko sai na maimaita kafin a gane ni, amma ni nake jan iyalina sallah in na yi ta a gida. Yadda taka maganar za ta kasance ya danganta da girman abin da za a cire, wannan kuwa likitan tiyatarka ne zai faɗa maka, ka tambaye shi kai tsaye.

Maganar ƙarfe ita ce ta ci mini wata uku. Na bi ta, na sha jiƙo iri-iri, kafin in koma asibiti abin da yake kamar ƙwayar gyaɗa ya kusa kai girman goro, aka yanke fiye da abin da za a yanke da farko. Mutanenmu suna ganin wanda aka kai asibiti a makare, aka yi masa aiki ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta tayar da ciwon, alhali jinkirin ne ya ba shi dama. Addu'a ban taɓa barinta ba, kai ma kada ka bari, amma duk abin da za ka sha ka fara nuna wa likita, musamman in za a yi maka kemo, domin wani maganin kemon ƙoda yake wahalarwa.

Bari in daɗe a kan gashi, don shi ne ban shirya masa ba. Kafin a fara za a tura ka wurin likitan haƙori, kada ka raina wannan, domin ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya saurin warkewa, haƙorin da ya lalace gara a cire shi tun kafin a fara. Sannan za a jiƙa wata roba mai raga-raga a ruwan ɗumi a shimfiɗa a fuskarka da wuyanka, ta sandare da siffarka, ita za a riƙa ɗaure ka da ita a kan gado kullum don kada kai ya motsa. Ranar farko sai da na ji kamar an rufe ni, na yi ta salati a zuci har aka gama. Shi kansa gashin ba ya zafi, ba ka ganin wuta, 'yan mintoci ne, kwana biyar a mako, mako shida zuwa bakwai.

A layin jira na haɗu da wani dattijo da ya riga ni da mako huɗu. Da ƙyar yake magana, amma ya kamo hannuna ya ce, "Yaro, yanzu kana jin garau. A mako na uku bakinka zai yi gyambo, yawu zai yi kauri kamar ƙaro, tuwo da zuma duk ɗanɗanonsu zai zama ɗaya. In ya zo kada ka ce ciwon ne ya ƙaru, aikin gashin ne, kada ka gudu." Wallahi kamar yadda ya faɗa haka ya zo. Da ban ji daga bakinsa ba da na tattara kayana na dawo gida, domin na ga waɗanda suka yi hakan, suna ganin maganin ne yake kashe su. Ma'aikatan sun faɗa mini irin wannan tun farko, har a takarda, amma bai zauna mini ba sai da na ji shi daga mutumin da fatar wuyansa ta yi baƙi tana saɓa a gabana, yana kuma zuwa kowace safiya. Bayan an gama ma ciwon bakin ya ƙara mako biyu ko uku kafin ya fara sauka. Ɗanɗano ya dawo a hankali cikin watanni. Bushewar baki kam har yau ina tare da ita, gorar ruwa ba ta barin aljihuna, lokacin hunturu kuma sai na tashi da dare na jiƙa baki.

Ranar da za ka koma asibiti kada ka tafi kai kaɗai. Ka je da ɗanka babba ko ƙaninka da littafi da biro, ku rubuta tambayoyinku tun a gida, shi kuma ya rubuta amsa.

Maman Hauwa, Hotoro:

Malam, sannu da jiki, Allah ya tashi kafaɗunka. Maigidana ne ya yi na maƙogwaro, aka cire masa akwatin murya, yanzu ta wata 'yar ƙofa a wuya yake numfashi, muna magana da rubutu a waya da motsin leɓe, mun shekara uku a haka. Ciwonku ba ɗaya ba ne, amma kicin ɗin ɗaya ne, don haka ina so matarka ta karanta wannan.

Tun yanzu, kafin a fara komai, ka ci ka ƙara nauyi, domin za ka rame. Lokacin da baki ya yi gyambo abin da ya riƙe mu shi ne kunun gyaɗa da madara, ƙwai, alale mai laushi, faten dankali da aka dama sosai, da tuwo ɗan mitsitsi a cikin miyar kuɓewa ko karkashi, saboda yauƙin yana taimakon haɗiya. Barkono, yaji, tsamiya, zoɓo da lemon tsami duk na ɗauke su, abinci kuma sai ya huce. Kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a rana ya fi kwano guda da zai gagare shi. Da aka ce za a sa masa robar abinci ta hanci ya ƙi, yana ganin alamar ƙarshe ce, sai da wani da aka taɓa sa wa ya zo har gida ya nuna masa cewa an cire tasa ya koma cin tuwo, sannan ya yarda. Azumin shekarar bai yi ba, malami ya karanta masa ayar Suratul Baƙara da ta ba mara lafiya rangwame, hankalinsa ya kwanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da wasu dangi suka fara ware masa kofi da cokali. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko tabarma ko gaisawa, ku faɗa wa yara wannan da wuri kafin su ji wani abu a waje.

Hajiya mahaifiyarka kuwa, ni a ganina ka gaya mata da bakinka. Uwa tana gane ɗanta, kuma addu'arta ba ta da madadi. Matarka ma a samo mata wadda za ta riƙa yi wa kuka, domin ni sai da na yi wata biyu ina shiga banɗaki ina kuka don kada ya gani.

Ma'aikaciyar Jinya, Tarauni:

Allah ya ba ka lafiya, Malam. Na ji daɗin abin da waɗanda suka riga ni suka rubuta, zan ƙara abin da ya shafi ɓangarenmu. Ciwon dajin baki da wuya iri-iri ne, na harshe daban, na maƙogwaro daban, na bayan hanci daban, kuma mataki ma ya bambanta, saboda haka ka karɓi ƙarfin gwiwa da dabarun zama daga 'yan'uwanka masu ciwon, amma kada ku yi musayar magani ko ku auna makomarka da ta wani. Taɓa kaluluwar wuya ba ya nufin an makara, mutane da yawa a wannan matakin ana yi musu magani ne da niyyar warkewa.

Taba sigari, tabar da ake cusawa a baki, da giya su ne manyan abubuwan da aka sani suna jawo shi, wata ƙwayar cuta da ake kira HPV kuma tana jawo na can cikin maƙoshi, amma yana kama wanda bai taɓa ko ɗaya ba. In kana shan taba ka daina yau, domin tana rage amfanin gashi tana hana rauni warkewa. Akwai cibiyoyin gashi a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitin koyarwa na Sakkwato, likitanka zai tura ka inda ya dace, sai ka fara shirin masauki da kuɗin mota tun da wuri, domin tsallake ranaku a tsakiyar gashi yana rage ƙarfinsa. Ka nemi a koya maka motsa muƙamuƙi da haɗiya kafin a fara, don kada baki ya ƙi buɗuwa daga baya. Zazzaɓi lokacin kemo, wahalar numfashi, zubar jini daga baki, ko kasa haɗiye ko da ruwa, waɗannan ba a jiran ranar asibiti, a taho nan take. Zafin ciwo kuma akwai maganinsa, kada kunya ta hana ka faɗa.

'Yar Fagge:

Ni ma an yi mini na gefen kunci bara. Ina da ɗan saɓani da Maman Hauwa, ta yi haƙuri. Ni sai da aka yi hoto na san tsarin magani sannan na gaya wa mahaifiyata, domin in ka je mata da sunan ciwo kawai ba ka da amsar tambayoyinta, kwana za ta yi ba barci. Sannan ka yi hankali da manyan zaurukan WhatsApp. Na shiga wani, kullum sai mai tallar maganin da wai yake narkar da daji a kwana arba'in, in kuma an sanar da rasuwar wani sai in yini ban ci abinci ba. Na fita, na riƙe mata biyu da muka haɗu a asibiti, har yau muna waya duk Juma'a.

Abu Sadiƙ, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya. Jiya da dare na karanta wa mai ɗakina saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, wannan ne karon farko da muka yi maganar ciwon nan da sunansa, ta yi kuka, ni ma na yi, bayan nan ta tashi ta dama mini kunun gyaɗa. Sassaƙen na ajiye shi gefe. Hoton ranar Alhamis ne, zan je da babban ɗana, mun rubuta tambayoyi tara, ta farko ita ce nawa za a cire daga harshen. Hajiya zan je mata da kaina bayan sakamako ya fito. Yaya Ɗan Kurna, in ba zan takura maka ba, ina so in ji muryarka da kunnena.

Ɗan Kurna:

Babu takura, ƙanina. Na tura maka saƙo ta akwatinka. In Allah ya kai mu Alhamis zan bar yaro a rumfa in same ka a asibitin da safe, in zauna da kai a layi. Zan zo da robar fuskar da aka yi mini gashi da ita, na ajiye ta, don ka riƙe ta a hannunka ka gan ta tun kafin ranar da za a yi maka taka.