Furogiram ɗina na Python yana daskarewa a VS Code, ina matsalar take?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙaramin furogiram na Python da zai riƙa lissafa buhunan albasa da kwandunan tumatir na wani shago a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Windows nake amfani da shi, da editan VS Code, kuma na saka Code Runner, ƙarin da ke gudanar da kod da dannawa ɗaya. Idan na danna alamar gudu, yana kaiwa layin `input()` sai ya tsaya cak. In na gwada rubuta farashi sai ya ce "Cannot edit in read-only editor". Na biyu, na saka openpyxl (laburaren aiki da fayilolin Excel) da pip, mai saka wa Python kayan aiki, amma har yanzu `ModuleNotFoundError` yake ba ni. Na uku, `kaya.csv` yana folda ɗaya da furogiram ɗin, amma wai babu shi. Masana a taimaka.

Injiniya Yaba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka ukun babu wanda laifin kod ɗinka ne, wurin da kake gudanar da shi ne matsalar. Code Runner yana tura sakamako zuwa shafin Output, shi kuwa nuni kawai yake yi, ba ya karɓar rubutu, shi ya sa `input()` yake zaman jiran abin da ba zai zo ba. Buɗe taminal na cikin editan, wato wurin rubuta umarni, da Ctrl haɗe da alamar ` da ke ƙasan Esc. Wasu kwamfutocin hannu na biyu da ake sayarwa a Computer Village suna zuwa da madannan Jamus ko Faransa, alamar ba ta nan wurin, to sai ka bi ta menu na Terminal ka zaɓi New Terminal. A nan ka rubuta `python lissafi.py`, ka sa sunan fayil ɗin furogiram ɗinka a madadin `lissafi.py`. In Code Runner ɗin kake so dole, shiga saituna ka kunna `code-runner.runInTerminal`. Ni dai shawarata ka cire shi, ƙarin Python na Microsoft ya isar maka.

Maganar openpyxl, kusan kullum Python biyu ne a kwamfutar: pip ya saka wa ɗaya, kai kuma kana gudu da ɗayan. Rubuta `python -c "import sys; print(sys.executable)"` ka ga wanne taminal ɗin yake kira. Daga nan ka daina rubuta `pip install` tsura, ka riƙa rubuta `python -m pip install openpyxl`, don kayan su shiga wannan Python ɗin da ka gani. Mafi tsafta shi ne kowane aiki ya samu nasa muhallin: `python -m venv .venv`, sannan Ctrl+Shift+P, ka nemi "Python: Select Interpreter", ka zaɓi na `.venv`. Rufe tsohon taminal da alamar kwandon shara ka buɗe sabo, domin tsohon yana riƙe da tsohuwar hanyarsa.

Hajiya Kod:
Injiniya ya gama da biyun, bari in ɗauki na uku. Idan ka rubuta `open("kaya.csv")`, Python ba ya duba foldar da furogiram yake, yana duba foldar da taminal yake tsaye a kai ne, wadda yawanci ita ce babbar foldar da ka buɗe a VS Code. Rubuta `pwd` ka ga inda kake, ka shiga da `cd`. Maganin dindindin yana cikin kod: `Path(__file__).parent / "kaya.csv"`, bayan ka shigo da `Path` daga `pathlib`.

Sannan don Allah kada ka cika kod da `print()` wajen neman kuskure. Danna F9 a layin da kake zargi, jan ɗigo zai fito a gefe, sai F5. Furogiram zai tsaya kafin ya aiwatar da layin, kana ganin abin da ke cikin kowane suna a gefen hagu. F10 yana tsallakawa layi na gaba, F11 yana shiga cikin aikin da aka kira, Shift+F5 ya tsayar da komai. A irin lissafinka, duba farashin da kyau: `input()` rubutu yake dawowa da shi, ba lamba ba, don haka "500" sau 3 zai ba ka 500500500 ba tare da wani ƙorafi ba. Sai ka sa `int()` ko `float()`. In kana da `launch.json` a foldar `.vscode`, tabbatar `"console"` yana kan `"integratedTerminal"`, in yana kan `"internalConsole"` za ka koma gidan jiya da `input()`.

Baban Idi-Araba:
Duk daidai ne, sai dai wanda kwamfutarsa ke da RAM 4GB zai ji nauyin wannan. Tun Python 3.7 akwai `breakpoint()`: saka shi a layin, gudu a taminal, ka yi amfani da `n` don layi na gaba, `p farashi` don duba ƙima, `c` don ci gaba. Kuma tunda wutar Legas ba ta sallama kafin ta tafi, sa `files.autoSave` a kan `afterDelay`. Yana kuma hana ka gudanar da tsohon fayil alhali gyaran bai adanu ba.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri, `input()` ya yi aiki, fayil ɗin ma ya buɗu. Amma sabon taminal yana fito da jan rubutu, wai "running scripts is disabled on this system".

Injiniya Yaba:
PowerShell, wanda taminal ɗinka ke amfani da shi, shi ne ya hana `Activate.ps1` mai kunna `.venv` gudu. Rubuta `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned`, ka amsa da Y in ya tambaya, ka buɗe sabon taminal. In kwamfutar ta ofis ce an kulle ta, danna ƙaramar kibiyar da ke kusa da alamar + ka zaɓi Command Prompt, ka rubuta `.venv\Scripts\activate.bat`. Za ka ga `(.venv)` a farkon layi, sai ka sake saka openpyxl a ciki.