Neman zuri'ar ƙanen kakana: daga ina zan fara?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kakanmu na wajen uba yana da ƙane da suka rabu tun suna samari, har Allah ya yi wa kakan namu rasuwa ba su sake saka juna a ido ba. Sunan ƙanen kaɗai muke da shi, sai labarin cewa ya yi aure ya hayayyafa. Ina so in nemo zuri'arsa. Gwajin DNA ɗin nan da ake ta talla zai taimaka, ko asarar kuɗi ce?

Baffa: Wa'alaikumus salam. Kafin ki tofa yawu a kwalba, wa ya rage a tsofaffin gidanku?

Auta: Goggonmu ce kaɗai, Baffa, yayar babanmu. Ta haura 80.

Baffa: To can za ki fara, gobe-goben nan. Ki kunna rikodin a waya ki ƙyale ta ta yi ta zuba. Kada ki ce mata "lissafo mini kakanni", cewa za ta yi ta manta. Tambaye ta wa ya zo bikinta, wa ta fi tsoro tana yarinya, wa ke aiko wa babanta wasiƙa. Sunayen da kansu za su fito. Ki riƙe laƙabi ma, don akwai wanda duk duniya ba a san shi da sunansa na yanka ba.

Uwar Biyu: Auta ƙanwata, saurara ki ji nawa, don ni na sha. Shekara biyu da suka wuce na sa cigiya a wani shafin sada zumunta, na zayyane komai: sunan kakana, sunan babansa, sana'arsa, har shekarar da ya bar gida. Kwana uku sai ga wani bawan Allah, wai shi jikan yayan kakana ne. Duk abin da na faɗa ya ce haka ne, haka ma tsohuwarsa take ba su labari. Kuka na yi ranar wallahi. Na sa shi a zauren gidanmu, yarana suna ce masa kawu. Wata biyu ana gaisawa, sai ga maganar asibiti, tsohuwa ba lafiya. Na tura. Aka sake, na sake turawa. A na uku ne mijina ya ce, "Ke wai me mutumin nan ya taɓa gaya miki wanda ba daga bakinki ya fara fita ba?" Na zauna na bi hirarmu tun daga sama. Babu ko ɗaya. Sai na tambaye shi sunan mahaifiyar kakan nasa, wanda ban taɓa rubutawa a ko'ina ba. Ya ce zai tambayo. Har yau yana tambayowa, lambar ma ta daina shiga. Ba kuɗin ne suka fi ƙona mini rai ba, yadda zan gaya wa babata cewa ɗan'uwan da ta yi ta sa wa albarka babu shi. Saboda haka in za ki yi cigiya, ki ɓoye abu biyu ko uku a cikinki, ki bar su su faɗa.

Ɗan Lele: Innalillahi. Kawun bogi.

Malamin Kimiyya: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Auta, ga amsar tambayarki. Jikokin ƙanen kakanki za ku haɗa kusan kashi 3 cikin 100 na DNA, kuma wannan kusancin gwaji yana kama shi. Ɗan baffa ko ɗan kawu kusan kashi 12.5 ne. Matsalar ita ce kamfani ba ya nemo miki kowa, yana gwada naki ne da na waɗanda su ma suka aika yawunsu wurinsa, kuma mafi yawansu mutanen Amurka ne da Turai. In danginki ba su yi ba, shiru za ki ji. Akwai kuma gwajin Y, wanda ke bin layin uba zuwa ɗa. Maza ne kaɗai ke da wannan ɓangaren DNA da ake kira Y, ke ba ki da shi, sai dai yayanki ko ƙanenki namiji ya yi, a gwada da wani namiji daga can in kun samu wanda kuke zato.

Ɗan Lele: Malam, in na yi zai nuna jinin sarautata?

Yaya Babba: Zai nuna bashin da nake bin ka.

Malamin Kimiyya: In ka koma baya hawa 10, kakanninka 1,024 ne a lissafi. A cikinsu ba za a rasa sarki ba, ba za a rasa ɓarawo ba.

Ɗan Lele: Sarkin nawa ne, ɗayan na Yaya.

Yaya Babba: Za ka maimaita in mun haɗu. Ni dai ban yarda da miƙa wa kamfani jinina ba. A 2023 an yi wa kamfanin gwajin DNA na 23andMe kutse, bayanan mutum kusan miliyan 6.9 suka fita, a Maris 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki. A 2018 'yan sanda a Kalifoniya ta hanyar DNA ɗin dangin nesa a GEDmatch, shafin da mutane ke ɗora sakamakon gwajinsu, suka kama wani tsohon makashi. Ka yi gwaji kai kaɗai, ka tona dangi duka.

Malamin Kimiyya: To ai wannan na ƙarshen alheri ne, Yaya, mai laifi aka kama.

Yaya Babba: An nemi izinin dangin nasa?

Uwar Biyu: Kun fara ko. Yarinya ta zo neman 'yan'uwa kun kai ta kotu.

Kawu: Abu ɗaya zan ƙara. Ranar da kika same su, saƙonki na farko ya fito fili cewa zumunci ne ya kawo ki, ba gado ba. Mutum ya ɓullo bayan shekara 60 yana tambayar sunan kaka, abin da za su fara tunani ke nan. Kuma ki tura hoton kakan tun kafin su nema. In sun yi sanyi-sanyi kada ki matsa, ba ki san a kan me 'yan'uwan biyu suka rabu ba. Wataƙila Goggo ta sani ta ƙi faɗa.

Auta: Kawu, ka taɓo wani abu. Duk lokacin da aka ambace shi sai ta canja zance.

Baffa: To kada ki je da ayari. Ke kaɗai, kuma ba a zuwan farko za ki tayar da maganar ba.

Amaryar Zaure: Don Allah a ina ake zana bishiyar dangin? Takardata ta cika, mata huɗu kakana ya yi.

Malamin Kimiyya: Shafin FamilySearch kyauta ne, amma bishiyar ta kowa da kowa ce, wani yana iya gyara abin da kika rubuta a kan mamata. In kina so ya tsaya a kwamfutarki, sauke manhajar Gramps, ita ma kyauta.

Amaryar Zaure: Yana ɗaukar mata huɗu?

Ɗan Lele: Ango ya sa ki tambaya ne?

Amaryar Zaure: Baffa, ka yi wa yaron nan magana.